Ruwan da Ba a Sha

Na rufe keken ɗinki, na bar wa Sabi'u makulli,
na ce, "Inna, tunda kin gama Umara,
zo in kai ki Umluj ki ga teku."
Ta ce, "Idon da ya ga Ɗaki, me ya rage masa?"
Amma ta ƙulle goronta a bakin mayafi,
ta riga ni shiga mota.

Mun bar Madina bayan Asuba.
Duwatsu baƙaƙe, kamar an zubar da gawayin duniya,
raƙuma jefi-jefi a bakin titi
sun zuba mana ido kamar masu bin bashi.
Ta yi barci kafin Yanbu,
ƙanshin gishiri ya tashe ta.

Da muka isa ba ta ce uffan ba.
Ta sauko da ƙafar dama,
ta tuɓe silifas ta riƙe a hannu.
Yashi fari fat, kamar gari a faifai.
Ruwan kuwa launi uku:
na kusa garau, kana ƙirga yatsunka,
na tsakiya tsanwa-tsanwa,
na can nesa sai ka ce baba ta kwana a karofi.

Ta tsoma yatsa, ta kai baki, ta tofar.
"Duk wannan, ba a sha?"
Na ce ba a sha.
"Ko ban-ruwan albasa?"
Na girgiza kai.
Matar da ta shekara arba'in
tana jan guga gaba ashirin a rijiyar garinmu
ta tsaya, iska tana wasa da mayafinta.
"Ikon Allah," in ji ta.
"Ya tara dukiya, Ya kulle ta da gishiri."

Mai jirgi, Mufarrij, rana ta jeme shi kamar salka.
Ya ce mata Ummi, ya miƙa mata rigar iyo,
ta sa a kan hijabi tana harararmu.
Da inji ya tashi ta damƙe gefen rigata
daidai yadda nake damƙe zanenta ran kasuwa
ina ɗan shekara biyar.

Kusa da tsibiri ya kashe inji.
Shiru. Sai ruwa yana lasar katako.
Kififfiya ta ɗago kai, ta dube mu, ta koma harkarta.
Ƙananan kifaye masu zanen atamfa
suna shige da fice cikin wani daji na dutse,
ja da fari, mai rassa kamar ƙahon barewa.
Mufarrij ya nuna da haɓa: "Marjan."

"Murjani?"
Ta saki rigata. Ta leƙa har na tsorata.
Hannunta ya tafi wuyanta, inda babu komai.
"Zuba uku kakarka ta bar mini.
Su na sayar, shekarar da fara ta cinye gero,
na saya maka keke.
Ashe nan gonarsa take,
yana tsirowa ba mai noma, ba mai gadi."
Ta yi dariya har ta share ido.
Ni kuwa na juya ina kallon tsibiri
kamar akwai abin gani.

Da yamma iyalai sun shimfiɗa darduma a gaɓa,
yara na tseren keke, gahawa na zagayawa.
Muka ci gasasshen kifi da jar shinkafa,
ta ce yaji bai ji ba, ta cinye tas.

Da rana ta faɗa ruwa ba ta yi cuu ba,
sai ta miƙo mini gorar roba:
"Cika mini. In ba haka ba Tabawa za ta ce ƙarya nake."

Daren nan tana shirya kaya.
Ta ajiye gorar kusa da ta Zamzam,
ta zaro jan zare daga aljihuna
ta ɗaura mata a wuya,
don kada wani ya zo da ƙishi
ya sha teku.